Ta yaya ake gane inda baƙuwar halittar ruwa ta kai a yankin delta?

Ɗalibar nazarin muhalli ta tambaya:

Assalamu alaikum. Ina shirya aikin bincike kan halittun ruwa da ke shigowa daga wata nahiya su mamaye yankin da kogi yake rarrabuwa kafin ya faɗa teku, wato delta. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne taswirorin da nake gani, waɗanda ake ɗiga jan tabo a duk wurin da aka ga halittar. A yankin da yake da ɗaruruwan rassa, ga fadamu, ga ruwan teku yana cikowa yana janyewa kullum, mene ne tabbacin cewa tabo na ƙarshe shi ne iyakar inda halittar ta kai? Kuma wace hanya ce ta fi saurin gano ta tun tana da ƙaranci?

Mai aikin ɗakin gwaje-gwaje ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Hanyar da ta fi sauri a yau ita ce neman sinadarin gado na DNA a cikin ruwan kansa. Kowace halitta tana zubar da yauƙi, kashi da ɓarɓashin jikinta, don haka ana ɗebo ruwa a tace shi, a bincika abin da ya tsaya a matacin, ba tare da an kama dabbar ba. A shekarar 2008 masu bincike a Faransa suka nuna cewa ana iya gano baƙon kwaɗon Amurka a tafkuna ta wannan hanya, kuma tun daga nan ta bazu. Sai dai a delta tana da rauni babba, domin ruwan yana tafiya gaba da baya, saboda haka alamar da kika samu a wani reshe tana iya kasancewa ta taso ne daga wani reshen mai nisa, ko daga mushen halittar. Gwajin yana nuna cewa a je a duba, amma ba ya cewa ga wurin da take zaune.

Tsohon ma'aikacin kula da kamun kifi ya amsa:

Malam ya faɗi gaskiya, amma ina ganin mun cika sa ido kan ruwa alhali abin da ya kamata a bi shi ne jiragen ruwa. Ki dubi labarin wata ƙaramar halitta mai ɓawo biyu, 'yar asalin kogunan ƙasar Sin da kudu maso gabashin Asiya, wadda masana ke kira Limnoperna fortunei. An fara ganinta a mashigar Río de la Plata a Ajantina a 1991, kuma ana kyautata zaton ta zo ne a cikin ruwan da manyan jirage ke ɗiba don daidaita nauyinsu. Daga nan ta haura kogin Paraná da saurin da aka kiyasta ya kai kimanin kilomita 240 a shekara, har ta isa madatsar Itaipu a 2001. Ki lura da kyau: haurawa ta yi, alhali 'ya'yanta ƙanana ne da ruwa ke ɗauka ya gangara da su, ba su da ƙarfin da za su yi gaba da igiya. Abin da ya kai ta sama shi ne manne wa jikin jiragen dakon kaya. A watan Oktoba na 2024 aka same ta a tashar jiragen ruwa ta Stockton, a deltar kogunan Sacramento da San Joaquin a Kalifoniya, wanda shi ne karo na farko a Arewacin Amurka, kuma ba mamaki da tashar jirage ce ta fara nuna ta.

Saboda haka da ni ne, sai in fara zana taswirar tashoshi, wuraren sauke kwalekwale, famfunan ban ruwa da gonakin kifi, sannan in rataya faranti ko bulo a cikin ruwa a kowanne, in riƙa ɗago shi duk wata ina duba abin da ya manne. Aiki ne mai gajiyarwa amma ba shi da tsada, kuma abin da ka gani a jikin bulo ba ya buƙatar gardama.

Ɗalibar ta sake tambaya:

Na gode, Baba. To halittun da ba sa mannewa fa, kamar ƙaguwa ko dodon koɗi?

Mai kula da bayanan wani shirin sa ido ta amsa:

A nan ne masunta da manoma suka fi kowace na'ura amfani, 'yar'uwa. Dodon koɗin da ya bayyana a deltar kogin Ebro a Sifen a 2009 yana ajiye ƙwansa masu ruwan hoda a saman ruwa, a jikin ciyawa da bangon magudana, ta yadda manomin shinkafa zai hange su daga nesa. Shuɗiyar ƙaguwar Amurka da ta yi wa masu kiwon halittun ɓawo a deltar kogin Po a Italiya ɓarna mai yawa a 2023, tana faɗawa cikin raga tana yayyaga ta, don haka masunci ne farkon wanda zai san da zuwanta. Abin da ake buƙata shi ne hoto, rana da wurin da aka ɗauka, sannan masani ya tabbatar, domin rikita baƙuwa da 'yar gida abu ne mai sauƙi.

Game da tambayarki ta farko kuwa, tabo na ƙarshe a taswira sau da yawa iyakar inda mutane suka duba ne kawai. Rahotanni suna taruwa kusa da garuruwa da hanyoyin mota, rassan da ke can cikin fadama kuma su zauna fari fat, ba don babu komai a cikinsu ba. Shi ya sa nake roƙon duk mai fita aiki ya rubuta wuraren da ya duba bai samu komai ba, da awannin da ya yi, da yawan tarkon da ya kafa, da gishirin ruwan a ranar. Idan kika koma reshe guda sau shida babu komai, sannan a na bakwai kika same ta, kin san lokacin da ta iso, kuma daga irin waɗannan ranaku ne kaɗai za ki iya lissafa saurin tafiyarta.