Maguɗi ne ko kuskure? Neman Hausar "irregularities"

Jama'a, ku zo mu warware wata kalma da ta hana mu shan ataya lafiya jiya a Aboabo. Duk lokacin da aka yi zaɓe aka fita zanga-zanga, sai masu sa ido na ƙasashen waje su fitar da sanarwa cewa sun ga "irregularities". Mu da muke juya labarai zuwa Hausa a nan Kumasi, me za mu ce?

Wani ƙanena ya ce ai maguɗi ne, mu daina wahalar da kanmu. Na ce a'a. Idan ka ce maguɗi, ka riga ka yanke hukunci cewa da gangan aka yi. Baturen da ya rubuta sanarwar kuwa da wayo ya guje wa faɗin haka, don gobe zai zauna da duk wanda aka rantsar. In ka sa masa maguɗi a baki, ka yi masa ƙarya.

Sai Kawu, da yake ɗan jam'iyya ne na gani-kashe-ni, ya ce to a ce kura-kurai. Na ce Kawu, Allah ya ba ka haƙuri, wannan kuma wanke mai laifi ne. Kuskure ai na ɗan Adam ne, ana yafewa. A Malawi a zaɓen 2019 an yi ta goge alƙaluma da Tipp-Ex, farin ruwan nan na goge rubutu, a takardun sakamako, mutane suka yi watanni a kan titi suna neman shugabar hukumar zaɓe Jane Ansah ta sauka, har kotu ta soke nasarar Peter Mutharika a Fabrairun 2020. Aka sake zaɓe, Lazarus Chakwera ya ci. Wa zai kalli wannan ya ce kuskure?

Tangarɗa ma an kawo, amma ita ta na'ura ce, kamar injin tantance yatsa ya ƙi aiki. Aringizo kuma ƙarin ƙuri'u ne kawai, bai haɗa takardar da jami'i bai sa wa hannu ba. Waɗanda suka bi shari'ar zaɓenmu na 2012 a talabijin sun tuna yadda aka yi ta jan zance a kan "pink sheet", wato takardun sakamakon rumfunan zaɓe, marasa sa hannu kafin hukuncin 29 ga Agustan 2013.

Kenya ce ta ba ni mafita. A zaɓen Agustan 2017, John Kerry yana cikin jagororin tawagar Cibiyar Carter, Thabo Mbeki ya ja ta Tarayyar Afirka, namu John Mahama kuma ya ja ta ƙasashe renon Ingila. Bayanansu na farko duk sun yaba da yadda ranar zaɓe ta gudana. Ranar 1 ga Satumba sai Kotun Ƙoli ƙarƙashin David Maraga ta soke zaɓen shugaban ƙasa, ta kuma jera kalmomi biyu, "irregularities" da "illegalities". Tunda alƙali ya raba su, mu ma mu raba. Ta biyun karya doka ce, wannan a fili yake. Ta farkon kuwa ni dai na tsaya a kan saɓa ƙa'ida.

Saɓa ƙa'ida na nufin akwai tsarin da aka shimfiɗa, ba a bi shi ba. Ko ganganci ne ko sakaci, kalmar ba ta ce komai ba, kuma daidai nan masu sa idon suke tsayawa.

Wata Hajiya da ke sayar da koko kusa da mu ta jefo tata: kwamacala. Dariya ta kusa kashe mu. Gaskiya ta fi daɗi a baki, kuma a hira ita zan riƙa faɗi, amma ba zan karanta ta a labaran ƙarfe bakwai ba.

Matsala ɗaya ta rage, jam'i. Bature yakan ce ya ga da yawa. "Saɓe-saɓen ƙa'ida" ya yi mini nauyi a harshe, don haka na fi son "an saɓa ƙa'ida a wurare da dama". 'Yan Nima da Mamobi a Accra, ku a rediyonku yaya kuke faɗi?