Na iske ƙanena ya shuka wiwi a cikin bido, ya zan yi?

Maman Hadiza:
Salamu alaikum jama'a, shawara nake nema don Allah. Ƙanena ne ɗan lise, kwanan nan kullum yana ɗakin shirgi na bayan gida, ashe ya yanka tsoffin bidunan mai ya zuba ƙasa ya shuka wani abu cikin kwalin firiji har da ampul ya jawo waya daga falo, wai na'a-na'a ce. Ganyen kamar yatsun hannu da zarto a baki, warin kuma ba na na'a-na'a ba. Baba bai sani ba, ga hawan jini gare shi. In faɗa ko in rufe?

Ɗan Birni:
Wa alaikumus salam. Hajiya wannan wiwi ce, kar ki ɓata lokaci. Dokar ƙwayoyi ta Nijar mai lamba 99-42 ta 1999 ta hana nomanta, kuma in ƴan OCRTIS, hukumar yaƙi da fataucin miyagun ƙwayoyi, suka shigo ba yaron kaɗai za su tambaya ba, mai gidan ma sai ya amsa. A tuge a ƙone yau, kar a jefa a bola yara su tsinta.

Sajidan Zango:
Ni wayar ce ta fi tada min hankali wallahi, kwali da ampul mai zafi da waya tsirara a watan Afrilu, kuran ya ɗauke ya dawo cikin dare kowa na barci ai gobara ce. Ki cire ta tukuna kafin maganar komai.

Inna Rabi:
Ɗiyata kar ki kai wa Baba da zafinta. Ki samo kawunku ko wani da yaron ke jin kunya su zauna da shi, a ji shin sha yake ko wani ne a fadar samari ya ba shi iri ya ce su raba kuɗi, don maganin kowanne daban. In ya fara sha a kai shi likita, duka ba ya raba yaro da ita.

Bidunan kuma kar ki yar. Yaron da ya iya raya shuka a garin nan da muke sayen ruwa wajen ƴan garuwa yana da hannu. Ku huda gindinsu, rairayi da busasshen kashin awaki, ya sa yakuwa da tattasai da na'a-na'ar gaske a tsakar gida inda kowa ke gani, ruwan wankin shinkafa ma ya ishe su. In sanyi ya shigo ya ƙara salati, ya je garin Mirya kusa da Damagaram ya ga yadda masu garka ke yi.

Maman Hadiza:
Na gode, Allah ya saka. Wayar dai na cire ta, kawu zai zo bayan isha'i.