Murhu mai ƙafa uku, ƙugiya da kaskon ƙira: wane kauri zan ce wa maƙeri?

Mai-Neman-Sani:
Assalamu alaikum. Ina son maƙeri ya ƙera mini kayan girki a wutar itace a fili: murhu mai ƙafa uku da ake rataya tukunya, ƙugiyoyi, ragar gashi da kasko. Tukunyar tana cin lita 10. Wane ƙarfe ya dace, kuma wane kauri? Sannan me ke sa raga ta lanƙwashe bayan an hura mata wuta sau kaɗan?

Ɗan-Maƙera:
Wa alaikumus salam. Malam, fara da nauyi. Lita 10 na ruwa kilo 10 ne, ka ƙara tukunya da murfi da sarƙa, sai ka lissafa kamar kilo 15. Ƙafafun su zama sandar ƙarfe mai laushi, kauri milimita 12 aƙalla, tsawo mita 1.2 zuwa 1.5. In za ka riƙa ɗora abin da ya fi haka, ka hau zuwa milimita 16. A murɗa kan kowace ƙafa ya zama ido, a zura su uku a zobe ɗaya mai ɗan faɗi don su buɗe su rufe ba tare da sun cije ba. Ƙasansu a fiƙe shi ya shiga ƙasa. A kan dutse ko busasshiyar ƙasa mai tauri ƙafafun kan zame su baje, maganinsa siririyar sarƙa da za ta haɗa ukun daga ƙasa.

Ƙugiya milimita 8 ta isa. A yi uku masu tsawo daban, misali santimita 10 da 20 da 30, domin da su ake rage wuta ko ƙara ta: ka ɗaga tukunya ko ka sauke, ba sai ka taɓa itace ba.

Kada a yi ƙugiya da rodin gini ko sifirin ɗin mota sannan a tsoma a ruwa tana ja. Irin wannan ƙarfen yakan yi tauri ya zama mai karyewa, kuma ba ya gargaɗi: ƙarfe mai laushi zai fara miƙewa ka gani, wancan kuwa ɓallewa yake yi da tukunya a kai. A bar ta ta huce a iska.

Baban-Zuga:
Maganar raga, zafi ne ke miƙa ƙarfe. Sanda mai tsawon santimita 60, in zafinta ya ƙaru da digiri 500 a ma'aunin Celsius, tana ƙara kusan milimita 3 da rabi. Sandunan tsakiya sun fi firam zafi, to in an yi musu walda gefe biyu ba su da inda za su, sai su yi doro. Gyara tun wajen ƙira: a huda firam a zura sandunan, a kama gefe ɗaya, ɗayan a bar shi sake. Kaurinsu milimita 8 zuwa 10, tazara kamar santimita 1.5. Kuma raga a kan garwashi ake ɗora ta, ba cikin harshen wuta ba. Ƙarfe in ya kai wajen digiri 600 ya rasa kusan rabin ƙarfinsa.

Abin da na fi jin tsoro shi ne galbanaiz, wato ƙarfe mai farin rufin zinki. Yawancin sarƙa mai sheƙi haka take. In ya ji wuta sosai yana fitar da farin hayaƙi mai sa zazzaɓi da ciwon ƙirji, maƙerin ne ma zai fara shaƙa. Haka ƙarfe mai tsohon fenti, wani akwai dalma a ciki, da durom ɗin da ba a san abin da ya ɗauka ba. Baƙin ƙarfe tsura za ka nema.

Uwar-Murhu:
Ɗan'uwa, kasko kada ya gaza milimita 3, siriri yana ƙona tsakiya ya bar gefe, kuma gindinsa yana murɗewa. Mariƙi santimita 40 ko fiye, a kama shi da ƙusoshi biyu ko uku da aka buga kansu. Ƙusa ɗaya juyawa take yi.

In ya zo daga maƙera akwai baƙin ɓawo a jikinsa. Jiƙa shi a binega, wato ruwan tsamin nan na kwalba da ake sa wa abinci, ya kwana, goge da buroshin waya, wanke, ka busar a wuta nan take don tsatsa ba ta jira. Yana da ɗumi ka shafa mai kamar rabin ƙaramin cokali, ka sake gogewa da tsumma har ya zama kamar ba a shafa ba, ka mayar wuta sai hayaƙi ya tashi ya ɗauke. Maimaita sau huɗu ko biyar. Mai in ya yi yawa danƙo yake yi, daga baya ya ɓamɓare cikin abinci. A farkon amfani a guji dafa abu mai tsami a ciki, yana cinye rufin man da aka gasa a jikinsa.

Ɗan-Maƙera:
Hajiya ta faɗi daidai. Ƙari ɗaya: kada a kwara wa kasko ruwan sanyi yana da zafi. Na ƙira murɗewa zai yi, ana iya daidaita shi da guduma a kan uwar maƙera, amma na zubi tsagewa yake yi.