Gwiwar ƙarfe na ƙas-ƙas, tana kuma neman lanƙwashewa: ta kwance ne?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum, masana. Idan mutum ya yi wata biyar da aikin canza gwiwa, yana jin ƙarar ƙas-ƙas in yana tafiya, wani lokacin kuma ƙafar ta nemi lanƙwashewa wajen sauka daga bene, shin ƙarfen ne ya rabu da ƙashi? Ta yaya ake tantancewa?

Dakta Likitan Ƙashi:
Wa alaikumus salam, Malam. Abu biyu ne ake yawan cakuɗawa: riƙon da ƙarfe ya yi wa ƙashi daban, riƙon da jijiyoyi suka yi wa gaɓar daban.

Ana sa ƙarfe a ƙarshen ƙashin cinya, a sa faranti a kan ƙashin ƙwauri, a tsakaninsu kuma roba mai tauri. Ƙarar nan yawanci ƙarfe ne ke bugun roba. In babu ciwo, babu kumburi, ba abin damuwa ba ne.

Kwancewa daga ƙashi a wata biyar ba kasafai take faruwa ba. Simintin ƙashi, wanda ake manna ƙarfen da shi, yana daskarewa cikin kusan minti 15, tun ana ɗakin tiyata. Ƙarfen da ba a sa wa siminti ba yana da 'yan ramuka da ƙashi ke tsirowa ya shige, cikin mako 6 zuwa 12. Alamar kwancewa ita ce ciwo a takun farko bayan an tashi daga zaune, galibi a saman ƙwauri, don farantin ƙasa ya fi saurin girgiɗa. A hoton ƙashi ana ganin baƙin layi tsakanin siminti da ƙashi. Idan ya wuce milimita 2 kuma yana faɗaɗa daga hoto zuwa hoto, to akwai magana. Hoto ɗaya bai isa a yanke hukunci ba.

Abin da ka bayyana ya fi kama da sako-sako na jijiya. Lokacin tiyata, likita yana ƙoƙarin daidaita tazarar da ke cikin gaɓar in ƙafa ta miƙe da wadda ke nan in an lanƙwasa ta digiri 90. Idan ta lanƙwasar ta fi yawa, saboda ƙarfen cinya ya yi ƙanƙanta ko jijiyar bayan gwiwa ta saki, mutum zai yi tafiyarsa lafiya ƙalau a fili, amma bene da tashi daga kujera su gagare shi, gwiwa kuma ta riƙa tara ruwa.

Mai Gashin Ƙashi:
Dakta ya yi bayani, amma kafin a ɗora wa jijiya laifi a duba tsokar gaban cinya. Ita ce birki wajen sauka, kuma bayan tiyata takan yi rauni sosai, har shekara tana farfaɗowa. A kwanta rigingine, a miƙe ƙafa a ɗaga ta. In gwiwa ta ɗan lanƙwashe kafin diddige ya bar shimfiɗa, tsoka ce ba ta dawo ba. A riƙa ɗagawar nan sau 10, zubi uku a rana, a haɗa da tashi-zauna daga kujera mai tudu da keken motsa jiki. Wajen hawa lafiyayyar ƙafa ce gaba, wajen sauka wadda aka yi wa aiki.

Hajiya Nas:
Abu ɗaya zan ƙara, 'yan'uwa. Duk gwiwar da ta kwance da wuri, ƙwayar cuta ake fara zargi, ko da babu zazzaɓi. A yi gwajin jini na ESR da CRP, masu nuna kumburi a cikin jiki, in sun hau a zuƙo ruwan gaɓar da allura a kai ɗakin gwaji. Kada a fara shan maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin zuƙar, yana ɓoye su.

Mai Neman Sani:
Na gode. In jijiyar ce, sai an sake aiki ke nan?

Dakta Likitan Ƙashi:
Ba lallai ba. A fara da atisaye da takalmin gwiwa (abin da ake ɗaura mata don tallafi) na wasu watanni. In bai yi ba, ƙara kaurin roba yana amfani ne kawai idan sako-sakon daidai yake a miƙe da a lanƙwashe. Idan a lanƙwashe kaɗai yake, roba mai kauri za ta hana ƙafar miƙewa sosai, sai dai a canza ƙarfen cinya ko a sa nau'in da ke riƙe kansa da kansa.