Ta yaya matafiyi zai gane irin hoton da idonsa ke so?

Matafiyiya:
Assalamu alaikum masana. Mutum zai je Paris ko Roma ya dawo da hotuna ɗari-ɗari, amma in an duba duk irin waɗanda suka cika intanet ne: hasumiyar Eiffel daga gaba, zanen Mona Lisa ta saman kawunan jama'a. A gidan adana zane-zane ma, abin da aka ce ya shahara shi ake bi. Ta yaya mutum zai gane abin da shi kansa yake so, har ya fito a hotunansa?

MaiKyamara:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Amsar tana cikin hotunan da kika riga kika ɗauka. Ki bar su kamar mako biyu ba ki buɗe ba, domin da ɗumin tafiya daɗin wurin kike tunawa, sai hoto mara kyau ya yi miki kyau. Bayan nan ki ware 30, ki tace su koma 10, a wanke miki su a girman santimita 10 da 15, ki shimfiɗa a tebur. A waya ɗaya bayan ɗaya ake gani, shi ya sa abin da ke maimaituwa ba ya fitowa. A tebur kuwa nan take za ki lura: ƙofofi ne da tagogi, ko hannayen masu sana'a, ko inuwa a jikin bango, ko wani launi da kike ta komawa gare shi.

Sai ki duba bayanan da kyamara ke ajiyewa a jikin kowane hoto, ki ga tsawon lensin da kika fi amfani da shi. In bakwai cikin goman a 35mm ko 50mm suke, tafiya ta gaba ki tsaya a kan wannan kaɗai, ƙafa ta yi aikin zum. Henri Cartier-Bresson, shahararren mai ɗaukar hoto ɗan Faransa, da lensin 50mm ya yi yawancin aikinsa, kuma bai rage shi da komai ba.

Mazayyani:
Na yarda da Malam, amma ido ba a kyamara kaɗai ake horar da shi ba. Gidan adana zane-zane na Louvre da ke Paris yana da kayayyaki kusan 35,000 a baje. Wanda ya ce sai ya zaga duka, bayan sa'a biyu kallo kawai yake yi ba gani ba. Ki zaɓi ɗaki biyu ko uku. Ki ratsa su sau ɗaya ba tare da karanta komai ba, zanen da ya tsayar da ke shi za ki koma wa, ki ba shi minti goma: daga nesa kamar mita uku don ki ga tsarinsa, sannan ki matsa ki ga sawun buroshi da kaurin fenti. Sunan mai zanen a ƙarshe ake karantawa, don babban suna yana sa mutum ya ce yana son abin da bai taɓa zuciyarsa ba.

Mona Lisa da ke Louvre ɗin santimita 77 da 53 ce, tana bayan gilashi. A ɗakin nan dai, daura da ita, akwai zanen bikin aure na Kana da mai zane Veronese ya gama a 1563, faɗinsa ya kusa mita goma, kuma jama'a baya suke ba shi. Ki juya ki kalle shi, ki ga wanne ya fi riƙe ki.

In za ki ɗauki hoton zane, a kashe filasha, ISO (ma'aunin yadda kyamara ke jin haske) ya kai 1600 ko 3200, saurin ɗauka kada ya fi 1/60 na daƙiƙa jinkiri, in ba haka ba rawar hannu ta ɓata shi. Ki tsaya saitin tsakiyar zanen; in kika ɗaga kyamara sama, gefunansa za su tsuke. Gidan adana zane-zane na Prado a Madrid da cocin Sistine na Vatican sun hana hoto gaba ɗaya, can sai ɗan littafi da biro.

Matafiyiya:
Na gode ƙwarai. To mai waya kawai fa, Malam?

MaiKyamara:
Duk ɗaya ne, sai dai a kula da abu biyu. Babban lensin waya mai faɗi ne, wajen 24 zuwa 26mm, yana jan fuskar da ta zo gefe, in an matso kuma hanci ya yi girma. Don hoton mutum ki ja baya ki sa zum na 2x ko 3x, bayan kin nemi izininsa.

Na biyu, kada ki ɗauka filta ita ce salo. Ƙara launi fiye da kima yana mai da fata ruwan lemo, sararin sama ya yi layi-layi. Haske shi ke bambanta mutane. Kowa na yabon hasken hantsi da na dab da faɗuwar rana, amma wani idonsa inuwar tsakar rana mai kaifi yake so, wani kuma ranar hadari da launuka ke lafawa. Ki zaɓi wuri ɗaya, ki ɗauke shi da safe, da azahar, da kuma bayan an kunna fitilu, daga inda kika tsaya da farko, sannan ki jera ukun a tebur tare da goman can.