Neman shawara: in tafi kwaleji karatun kiwon shanu ko in zauna a garke?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Bana na gama sakandare, kuma raina yana kan karatun kiwo, musamman shanun nama. Baba yana da ɗan garke na Bunaji, amma duk rani sai sun rame har haƙarƙari ya fito, a kai wasu kasuwa a sayar a wulaƙance don a ciyar da sauran. Baba ya ce ba a koyon kiwo a aji. Wace makaranta ta dace, kuma karatun zai amfani garkenmu kuwa?

Wani tsohon ɗalibi daga Zariya: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka haɗa shi da likitan dabbobi, wancan karatun jami'a ne na shekara 6. Naka difloma ce ta shekara 2 a fannin kiwo da lafiyar dabbobi, in ka so ka ɗora da babbar difloma. Akwai kwalejin Mando a Kaduna ƙarƙashin ABU, akwai ta Audu Bako a Dambatta, sai ta tarayya a Vom ta jihar Filato, inda cibiyar haɗa allurar rigakafin dabbobi take. Lokacin koyon aiki ka yi ƙoƙari a tura ka NAPRI, cibiyar binciken kiwon dabbobi da ke Shika kusa da Zariya.

Wani mai turka daga Wudil: Ramewar nan ita ce za ka je nemo maganinta. Busasshiyar ciyawar rani tana cika ciki amma ba ta gina jiki, dole sai an haɗa da harawa, ƙowar wake, dusa da angurya, ga gishirin lasa. Kuma da kaka ake tara su, lokacin da suke da araha, a ɗora a rumfa inda rana da ruwa ba za su ci su ba. In shanunku suna kiwo a fadama, ku duba ciwon tsutsar hanta, don bijimi mai tsutsa ko buhu nawa ya ci ba zai yi ƙiba ba. Abin da na ga 'yan makaranta sun fi mu shi ne rubutu. Saniya wata 9 take ɗaukar ciki. Wadda ta shekara biyu ba ta haihu ba abincin wasu take ci, amma in ba a rubuta ba sai a yi ta riƙonta saboda sabo.

Wani dattijo daga Maigatari: Ɗana, ka tafi, amma ka lallaɓa mahaifinka. Mutumin da zai buɗe bakin bijimi ya faɗi shekarunsa daga haƙori, ya gane boru, wato ciwon baki da kofato, tun daga dalalar yawu da ɗingishi, malami ne. Ka roƙe shi ya ware maka bijimai biyu, ka turke su wata uku zuwa huɗu da abin da aka koya maka, ka rubuta duk kwabon da ka kashe. Ranar kasuwa ku je tare, shi ya yi cinikin.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yaya na Zariya, wane lokaci ake fara sayar da fom ɗin Mando?