Ƙuru mai shekara 19: a bar shi ya shiga sukuwar Sallah ko a ajiye shi?

Abu Usman, Maiurno

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masu sanin doki. Akwai ƙuru a gidanmu, irin ƙananan nan na yammacin Sudan, bisa lissafi ya kai shekara 19. Ba ya ɗingishi, yana cin abincinsa, sai dai bayansa ya ɗan lotsa, kuma da safe in an kwance shi daga turke yakan taka a sandare kafin jikinsa ya sake. Yaro ɗan shekara 12 ke hawansa. Saura wata uku Babbar Sallah, yaron kuma ya ƙwallafa rai a kan sukuwar da samarin unguwa ke yi bayan Idi. Wasu sun ce a ajiye dokin ya huta gaba ɗaya. Wane aiki ya dace da shi a mako, kuma zai iya sukuwar?

Mai Barga, Gadarif

Wa alaikumus salam. Malam Abu Usman, kada ka ajiye shi. Tsohon doki in ya zauna a turke naman bayansa ke zubewa, gaɓoɓi su ƙara sandarewa, kuma abin da ya zube a wannan shekarun da wuya ya dawo. Abin da za ka rage masa gudu ne da juyi mai tsanani, tafiya kuwa a ƙara masa.

Fara da tabbatar da shekarun. Ɗaga leɓensa na sama, ka dubi haƙorin gaba na can gefe. Akwai wani tsagi mai duhu da ke fitowa daga dasashi wajen shekara 10, ya kai rabin haƙori a 15, ya sauka har ƙasa a 20. In ka ga tsagin ya fara shafewa daga sama, ya wuce 20, sai ka sake lissafi. Ba ma'auni ba ne marar kuskure, amma ya fi zancen dillali.

Wata ukun nan ga yadda zan raba shi. Mako huɗu na farko tafiya zalla, kwana biyar a mako, daga minti 20 ana ƙara biyar-biyar har 45. Mako na biyar zuwa na takwas a saka sassarfa: minti biyu, a koma tafiya minti uku, sau uku, ana ƙarawa a hankali har jimillar sassarfar ta kai minti 15. Sai a mako na tara za a gwada ƙaramar sukuwa, mita 200 zuwa 300 a miƙe, sau biyu a mako, ba kwana biyu a jere ba. Kowane fita a buɗe da tafiyar minti 15, a rufe da minti 10.

Inda mutane ke faɗawa rami shi ne, numfashin doki da zuciyarsa suna ƙarfi cikin 'yan makonni, jijiyoyin ƙafa kuwa sai an yi watanni. A mako na huɗu za ka ga yana zumuɗi, yana jan linzami, yaro ya ɗauka ya shirya. Jijiyar bayan ƙwauri ba ta shirya ba, kuma in ta tsage magana ce ta wata shida zuwa shekara, ga tsoho ma wani lokaci shi ke nan.

Ummu Hafsa, ma'aikaciyar lafiyar dabbobi, Kasala

Tsarin Mai Barga ya yi. Zan ƙara yadda za ku gane ko jikinsa na ɗauka, don kada a tsaya ga duban ido.

Ku koyi ƙirga bugun zuciyarsa. Sa yatsu a ƙarƙashin muƙamuƙi inda jijiyar jini ta ratsa ƙashi, ƙirga na daƙiƙa 15, ka ninka sau huɗu. A hutu 28 zuwa 44 ne a minti. Bayan aiki, minti 15 da tsayawa, ya kamata ya sauko ƙasa da 60. In ya maƙale a sama da haka, aikin ranar ya yi masa yawa, a koma matakin makon baya. Washegari da safe kafin a ba shi abinci, shafa ƙafafunsa huɗu daga gwiwa zuwa kofato, kana gwada dama da hagu. Zafi a gefe ɗaya, kumburi, ko ya janye ƙafa in ka matsa jijiya, to a tsaya. Sandarewar safe da ke wucewa cikin minti 10 na tafiya ciwon gaɓoɓin tsufa ne, ana zama da shi. Wadda ke ƙaruwa yayin da ake tafiya wani abu ne dabam, kada a hau shi.

Abu biyu nake so ka duba, Malam. Na farko, gashinsa. In ya yi tsawo, ya murɗe, ya ƙi zuba duk zafin nan, ga yawan shan ruwa da fitsari, to alamar cutar Kushin ce, wadda ke yawaita ga dawakin da suka wuce 15. Haɗarinta a kofato yake: naman cikin kofato ya kumbura, doki ya tsaya yana miƙa ƙafafun gaba, ya jingina da baya. Mai wannan alamar ba shi ba sukuwa, kuma hatsi guba ne gare shi. Na biyu, bakinsa. In kana tsintar ciyawa da ya tauna ya dunƙule ya yar, ko tsabar dawa a kashinsa, turamensa sun yi kaifi ko sun ƙare, a nemi mai goge su. Sau ɗaya a shekara ko fiye.

Ina roƙonka da Allah, kada a ba shi phenylbutazone, maganin nan na kashe ciwo, don ya yi gudu. Yana rufe ciwon ne, doki ya taka ƙafar da ya kamata ya kiyaye. A zafi irin namu, da ƙarancin ruwa a jiki, yana cin ciki da ƙoda.

Baba Tsoho, Damazin

'Ya'yana, duk kun faɗi gaskiya, amma kun yi maganar sukuwa kamar a fili shi kaɗai zai yi ta. Sukuwar Sallah ba haka take ba. Dawakai goma sun tashi tare, ga ihu, ga guɗa, tsoho ba zai yarda a bar shi a baya ba, yaro ɗan 12 kuma ba shi da hannun da zai riƙe shi. Sannan abin da ke kashe ƙafar baya ba gudun ba ne, zamiyar ƙarshe ce, a fizge linzami doki ya zauna kan ƙafafunsa. Gwiwar baya ta mai shekara 19 ba ta wannan ba ce.

Ku dubi ƙasar ma. Baƙar ƙasar nan tamu in ta bushe tauri take kamar dutse, ga tsagewa da kofaton ƙuru zai shige. In ta sha ruwa ta kama ƙafa ta ƙi saki. Ni dai shawarata, a yi masa kwalliya ya shiga jerin hawa, ya yi taƙama, yaro ya ji daɗinsa. In dole sai gudu, su biyu kawai, da sassafe, a wuri mai yashi da aka bi aka duba, a tsayar da shi sannu a hankali.

Abu Usman, Maiurno

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Gashinsa lafiya lau, amma na sami dunƙulen ciyawar a gindin turke. Na auna shi: kewayen ƙirji santimita 150, tsawo daga kafaɗa zuwa ƙarshen ɗuwawu 140. Yaron kilo 36, sirdi da kayansa kilo 9. Yana cin dawa kwano guda da yamma, da karan abu sab'in, dawar nan da ake nomawa don dabbobi.

Ummu Hafsa, Kasala

To, 150 sau 150 sau 140, a raba da 11,880, ya ba da nauyin dokin, kusan kilo 265. Doki mai ƙarfi ana ɗora masa har kashi 20 cikin ɗari na nauyinsa, wato kilo 53. Mai lotsattsen baya gara a tsaya kusa da kashi 15, kilo 40. Kuna kan 45, don haka a tafiya babu laifi, a gudu a sauƙaƙa sirdin, kuma babba kada ya hau shi. Duba zaman sirdin ma. Bayan da ya lotsa, sirdi kan dafa gaba da baya ya bar tsakiya a sama. In ka sauke shi ka ga busassun wurare a tsakiyar gumi, ko farin gashi ya fara fitowa a doron kafaɗa, a ƙara shimfiɗa inda ya rama.

Dawar nan ta yi yawa a ci ɗaya, ga shi ba ya taunawa da kyau. Kada hatsi ya wuce kilo ɗaya a zama guda, a ɓarza, a jiƙa, a raba safe da yamma. Kara ya yi wa haƙoransa tauri. Busasshiyar ciyawa yake buƙata wajen kilo biyar a rana, mai laushi, da ɗan barsim (ciyawar nan da ake shukawa don dabbobi) ko harawar gyaɗa, a yayyafa ruwa don ƙura. Ruwa ya kasance a gabansa kullum, a zafi da aiki zai iya shan lita 30 ko fiye, da gishiri cokali ɗaya ko biyu a abinci. A gyara kofato duk mako shida zuwa takwas, amma ba a makon Sallah ba.

Kan sukuwar taro ina tare da Baba. A fara gyara haƙoran a wannan makon, sannan a shiga tsarin Mai Barga. Ka riƙa rubuta bugun zuciyarsa bayan kowane fita, a mako na takwas ka kawo mana mu gani ko za a gwada mita 200 ɗin.